Yadda ake auna ƙahon kishimi a gane ƙasaitacce ne ko ɗan tashen balaga

Gardama ce ta jawo wannan rubutun. A ƙofar shagona nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina wani yaro cikin masu koyon ɗinki ya nuna mamu bidiyo a waya, wani bature ne a Amurka ya durƙusa bayan wata dabba ya riƙe ƙahonta da hannu biyu yana ta haki kamar zai yi kuka, yana faɗin wai ta kai 170. Nan fa majalisa ta rabu, wani ya ce kilo 170 yake nufi, wani ya ce a'a dala ce kuɗin da zai saida ta kenan, wani dattijo mai faci kau ya ce ƙarya ce gaba ɗaya itace suka ɗaura ma akuya a kai. Ni na yi shiru ina ta dariya a ciki, don na san inci ne, inci kuma aikina ne tunda tela nake, da tef a wuya nake wuni.

Dangin mahaifiyata mahalba ne, can gefen Safana bakin dajin Rugu. Kawuna da rashin tsaro ya taso su suka dawo cikin gari, kayan da ya iya ɗaukowa ba su taka kara sun karya ba, amma bai baro ƙoƙon kan gwankin da mahaifinshi ya halba ba, yana nan rataye a zaure har yau. Shi ya sa ni sha'awar abin, na bi diddigin yadda masu farauta na wasu ƙasashe ke awo, na haɗa da abin da nake ji bakin Kawu. To ga yadda ake yi, wanda ke da tsohon ƙaho a gida sai ya ɗauko mu gwada.

Fara da sanin dabbar da ke gabanka

Waccan ta bidiyo ba barewarmu ba ce, ko dangi na kusa ba su haɗa ba. Mu dai muna ce mata barewa don ba mu da wani suna, a bar ta a barewar Amurka mai farar wutsiya. Irin wannan mai ƙaho da rassa babu ita a dajin Najeriya ko Nijar, a duk Afirka ma sai can duwatsun arewa wajen Tunisiya da Aljeriya ake samun wata 'yar uwarta. Ƙahonta ƙashi ne zalla, namiji ne ke yin shi, kuma duk shekara sai ya faɗi, wajen Janairu zuwa Maris, sabo ya tsiro da wata fata mai laushi a lulluɓe, wajen Satumba ya goge fatar a jikin itace ƙaho ya fito tas. Wato wancan uban ƙahon da baturen ke riƙe da shi, na 'yan watanni ne. Da na faɗi haka a majalisa mai faci cewa ya yi to yanzu ne ma ya tabbatar ƙarya ce.

Namu kuma irin na rago da saniya ne, ƙashi a ciki kube a waje, ba rassa, ba ya faɗuwa, in ya karye ya karye kenan har mutuwa. Sai ka kiyaye wani abu, ba kowane ƙaho ne na namiji ba. Mazo da maraya da gwambaza da kwanta-rafi maza kaɗai ke da ƙaho. Gada ma galibi namijin ne, ɗan tsinke haka da bai wuce yatsa ba. Amma barewa da gwanki da kanki mata ma suna da shi, sai dai nasu siriri ne kuma zoben jikinshi bai fito sosai ba. Na taɓa ganin wanda ke ta cika baki da ƙahon kishimi a ɗakinshi, Kawu ya kalla sau ɗaya ya ce uwar garke ce, kila ma da ciki aka kashe ta. Hirar ba ta ƙara daɗi ba ranar.

Kayan aiki

Tef mai inci, wanda kowane inci aka raba shi gida takwas, don da ɗaya bisa takwas ake lissafin ba da kwata ko rabi kaɗai ba. Su can siririn tef na ƙarfe mai lanƙwasa suke amfani da shi, faɗinshi kwatan inci. Namu na ɗinki zai yi amma sabo, tsohon tef yana miƙewa, ni na san tef ɗin da ya ƙara ma mutum kusan rabin inci a tsawon riga. Sai wayar birkin keke, ita ce sirrin, ka kwantar da ita ta bi lanƙwasar ƙaho yadda take, ka danne inda ta tsaya da farce ko ka maƙala mata abin shanya, sannan ka miƙe ta kan tef ka karanta. Sai fensir, da salatif na takarda don sa alama, da takarda da biro. In akwai yaro kusa ya riƙe maka kan.

Awon masu ƙaho da rassa

Wannan lissafin na wata ƙungiya ce da ake kira Boone and Crockett, Theodore Roosevelt ne ya kafa ta da abokanshi a 1887 tun bai zama shugaban Amurka ba, tsarin awon da ake bi yanzu kuma a 1950 suka tsaida shi. Abu huɗu ake aunawa a tara.

Na farko uwar ƙaho, wato babban reshen da ya taso daga kai ya lanƙwaso gaba. Ka ɗora kan waya a gindi, daidai wannan kumburin mai kama da kambu, ka bi ta bayan lanƙwasar, ta waje, a tsakiya, har tsini. Dama daban hagu daban. Na biyu 'ya'yan rassan da suka miƙe sama daga jikin uwar, kowane ɗaya sai an auna shi. A nan mutane ke cuta ko su cuci kansu, don ba daga tsakiyar uwar ake farawa ba, sai ka ja layi da fensir a saman uwar kamar reshen bai fito ba, daga wannan layin ka auna zuwa tsini. Kuma ba kowane ƙullutu ne reshe ba, sai ya kai inci 1 kuma tsawonshi ya fi faɗinshi. In bai kai ba ƙurji ne kawai, a wuce shi.

Na uku kauri. Wuri huɗu ake zagaya tef a kowane gefe, tsakanin gindi da reshen farko, tsakanin na farko da na biyu, haka har huɗu, kuma inda ya fi sirancewa ake nema ba inda ya fi kauri ba. Tela zai gane wannan, kamar awon ƙugu ne, ba ka sa tef a tumbi. In dabbar rassa uku gare ta a gefe ba na huɗu, sai a raba tsakanin reshe na uku da tsinin uwar a auna nan. Na huɗu faɗin ciki, wato tazarar da ke tsakanin uwar dama da ta hagu a inda suka fi buɗewa, ta ciki ba ta waje ba, kuma tef ya tsaya miƙe kar ya karkace. In faɗin ya fi uwar ƙaho tsawo ba a ba ka duka, iyakarka tsawon uwar da ta fi.

Bari in ƙirƙiri misali da lambobi marasa ɓurɓushi don a gane. Dama: uwa 24, rassa 5 da 10 da 9 da 5, kauri 5 da 4 da 4 da 3, an tashi 69. Hagu: uwa 23, rassa 5 da 9 da 9 da 4, kauri iri ɗaya da na dama, an tashi 66. Faɗin ciki 18. Ka tara duka, 153 kenan, wannan shi ne jimillar da ba a zabtare ba, ita mahalbi ke faɗa ma abokai. Amma littafin da ƙungiyar ke rubuta manyan ƙahoni ba ya karɓar ta haka, sai an cire bambancin dama da hagu, uwa ta bambanta da 1, reshe na biyu da 1, na huɗu da 1, a cire 3 saura 150. In da wani reshe da ya fito a inda bai kamata ba, ya kalli ƙasa ko ya tsiro a jikin wani reshen, shi ma tsawonshi cirewa za a yi. Sai fa in ƙahon hargitsattse ne sosai, to akwai ajinsu daban, a can ƙara maka shi za a yi.

Ni wannan zabtarewar ba ta kwanta mani ba gaskiya. Dabba ta ci ta sha ta fitar da ƙashi, ka ce ba ka ƙirga shi don bai yi daidai da ɗan uwanshi ba, sai ka ce hannun riga. Mahalbansu da yawa ma haka suke ƙorafi. Amma dokar littafin kenan.

Wani sharaɗin kuma, ba a awon da zai shiga littafi sai ƙaho ya yi kwana 60 yana shan iska, don ɗanye yana ɗan tsukewa in ya bushe. Kuma ba kai za ka auna ma kanka ba, akwai ma'aunan da ƙungiyar ta horar.

To nawa ne ƙasaitacce

A wajen Boone and Crockett ƙaho mai tsari, wato wanda ba hargitsattse ba, sai ya kai 160 kafin a ba shi takardar yabo, 170 kuma ya shiga babban littafi na dindindin, ka ga dalilin hakin bature kenan. Hargitsattse 185 da 195. Masu kwari da baka suna da tasu ƙungiyar, Pope and Young, tun 1961, su sun sassauta, 125 ga mai tsari 155 ga hargitsattse, don wanda zai halba da kibiya sai ya matso har yana jin numfashin dabba. Da na faɗa ma Kawu wannan ya gyaɗa kai ya ce to waɗannan sun san aiki. Kenan misalinmu na 150 in da bindiga ne bai shiga ba, in da baka ne ya wuce da rara.

Wanda ke riƙe da kambu a masu tsari wani manomi ne Milo Hanson, a 1993 ya halbe shi kusa da garin Biggar a lardin Saskacewan na Kanada, inci 213 da 5/8. A hargitsattsu kuma ba ma wanda ya halbe shi, mushe aka tsinta a jihar Misuri a 1981, inci 333 da 7/8. Labarin da ya fi ba ni tausayi na wanda Hanson ya ture ne, James Jordan, ya halbi nashi a jihar Wiskonsin a 1914, mai 206 da 1/8, ya kai ma mai gyaran kawunan dabbobi, mutumin ya tashi daga garin da kan, shiru shekara da shekaru, sai a gwanjo aka tsinto shi, kuma ba a amince a rubuta sunanshi a kai ba sai 1978 bayan ya rasu. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen tela ya dawo ya tarar an tashi daga shagon ya san zafin. Ba ni ba dai.

Amma kar lambobin nan su ruɗe ka, akasarin mahalban Amurka har su tsufa ba su taɓa ganin 170 a daji ba. Gama-garin mahalbi in ya samu 130 ko 140 rataye shi zai yi a falo ya yi ta ba jikoki labari. Kuma ƙasa ma tana da nata, a jihohi irin su Ayowa da Ilinoi da Wiskonsin da Kansas inda ƙasa ke da ƙarfi ga masara da waken suya dabbar na ƙoshi, ƙaho na girma, a Fulorida kuwa mai rairayi rajistar jihar daga inci 100 take karɓa. Kamar ka kwatanta ragon da aka turke ana ba shi dusa da harawa da wanda ke bin bola ne. Abu uku ke yin ƙaho, shekaru da abinci da jini, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma cikin ukun wanda ke hannun mahalbi shekaru ne. Ɗan shekara ɗaya da rabi ko jikan wa ne ƙahonshi bai kai ko'ina ba, sai ya kai biyar zuwa shida yake fitar da abin da Allah ya ajiye mashi.

Awon ido kafin a ɗana

A daji ba wanda zai tsaya maka ka sa tef, don haka da jikin dabbar suke awo. Kunnenta wajen inci 6 ne, in ta miƙe kunnuwa tana saurare daga tsini zuwa tsini wajen inci 16, to in ƙaho ya buɗe ya wuce kunnuwa ka san faɗin ya yi. Reshen da ya fi kunne tsawo sosai ya doshi 9 ko 10. Kaurin gindi kuma da ido ake kwatanta shi, zagayen idonta wajen inci 4 ne. Amma gwanayensu jiki suke fara kallo kafin kai. Yaro ƙafafu zaƙo-zaƙo, wuya siriri, ciki a ɗame, sai ka ce macen aka ɗora ma ƙaho. Babba kau wuya ya cika ya haɗe da ƙirji musamman a Nuwamba lokacin barbara, ciki ya ɗan sauko, baya ya ɗan lotsa, ƙafafun su zama kamar sun gajarce. Wannan bayanin da na karanta ma Kawu shi bai ga wani sabon abu a ciki ba.

Awon namu na gida

Namu ya fi sauƙi tunda ba rassa. Littafin da ya fi daɗewa a kan dabbobin Afirka shi ne na Rowland Ward, a Landan aka fara buga shi a 1892, shi ƙahon da ya fi tsawo cikin biyun yake dubawa ya jera dabbobi a kai. Wata ƙungiyar kuma, Safari Club International, tara tsawon duka biyun take yi ta ƙara da zagayen gindin kowane. Ni na biyun ya fi mani, don yana ba kauri haƙƙinshi, tsoho kuma a kauri yake.

Ga barewa ko gwanki ko maraya, ka ɗora waya a gindin ƙaho ta gaba, daidai inda kuben ya ƙare, ka bi tsakiyar gaban har tsini. Kar ka cusa wayar cikin ramukan zobe, ta bi ta saman su kawai, in ka cusa za ka ƙara ma kanka abin da ba naka ba. Mazo nashi a murɗe yake, akwai wani kaifi da ya taso daga gindi yana zagayawa, shi za ka bi har inda ya ɓace sannan ka miƙe zuwa tsini. Zagayen gindi kuma ka sa tef a ƙarshen kube, ya zagaya daidai ba a karkace ba, ka ja shi ya kama amma ba shaƙewa ba.

Kuskuren da na fara yi shi ne ban duba kuben ya zauna ko bai zauna ba. Tsohon ƙaho in ya bushe kuben na saki ya zamo sama ya bar ƙashi a fili, ni kuma na fara awo daga ƙoƙon kai, na samu kusan inci biyu na banza ina ta murna. Kube kaɗai ake aunawa, ƙashin ciki ba ya cikin lissafi. Sannan in a kasuwa ka gani wajen masu kasa kayan magani, ka duba da kyau, akwai ƙahon akuya da na ɗan maraƙi da ake gogewa a shafa mai a ce na dawa ne.

Sai maganar zobe. Kusan kowa ya yarda wai kowane zobe shekara ɗaya ce, ba haka ba ne, in da haka ne da barewa mai zobe goma sha biyar ta girmi wasu matan aure, alhali a shekarun farko zoben ke fitowa da yawa a jere. Abin da zobe ke gaya maka shi ne wannan, ka dubi na can ƙasa kusa da kai. In suna da tazara kuma gindin da ɗan laushi, dabbar tana kan girma aka katse ta. In sun matsu sun hau juna har sun zama kamar an naɗa zare, gindin ya yi tauri ya yi kauri, to ta gama girma ta zauna. Tsini ma shaida ne, na saurayi kamar allura, na tsoho ya dakushe don karo da tonon ƙasa da gugar itace, har ma tsoho kan rasa inci ɗaya ko biyu ta nan. Shi ya sa wani lokacin tef zai ba matashi nasara a kan ubanshi, kuma a nan ne nake ganin tef ɗin ya gaza. In haɓar ƙasa tana nan ka duba turame, na yaro da kaifi kamar bakin zarto, na tsoho sun side sun yi sumul.

Su Kawu ba su san inci ba, da taƙi da kamu suke magana, kuma kafin su ga dabba sun gama auna ta. Na tambaye shi wata rana bayan la'asar, na ce Kawu ku da ba ku da tef ta yaya kuke sanin babba. Ya ce kai ɗan nan, sawu mana. Sawun babba faɗi gare shi, bakin kofaton ya dakushe, kuma yana nutsewa a ƙasa, na yaro tsini gare shi kamar an zana. Sannan ka duba shi kaɗai ne ko cikin garke, tsohon gwanki in ƙarfi ya fara ƙarewa wani ya kore shi sai ka gan shi shi ɗaya, bai fitowa fili sai duhu-duhu, kuma kullum iska yake bi, kai kana bin shi shi yana bin warinka. Ya ce ba banza ake mashi kirari da sha bara ba, wanda ya kai wannan shekarun ya ga mahalba da yawa sun koma gida hannu rabbana. Na ce to in kun samu zaɓi fa. Ya ce wanda ya gama haihuwa ake ɗauka, mai ciki da mai shayarwa ko Sarkin Baka ya ji ka taɓa sai ka yi bayani.

In ka lura inda turawan suka zagaya suka dawo kenan, ka bar ƙarami ya wuce. Wajen 1900 barewar tasu ta kusa ƙarewa, ƙiyasi bai wuce dubu 500 ba a duk ƙasar, yau ana maganar wajen miliyan 30. Sun sa lokacin farauta, sun sa lasisi da adadin da mutum zai kashe, a 1937 kuma suka yi dokar da ke ɗaukar harajin bindiga da harsashi a zuba a kula da dabbobin dawa. Kuma kar a ɗauka kan kaɗai suke yankewa su bar nama, jihohi da yawa laifi ne ka bar nama ya lalace a daji, mu kau dama addini bai yarda a kashe rai don wasa ba.

Mu nan doka akwai ta a takarda, akwai ta dabbobin dawa ta Jihar Arewa tun 1963, ga ta tarayya ta 1985 mai kare waɗanda ke shirin ƙarewa wadda aka yi ma gyara a 2016. Barewarmu mai jan goshi tana cikin dabbobin da masana suka ce suna cikin haɗari. Amma je ka ga farautar gayya da rani, mota cike da samari da karnuka da gora, a cinna ma daji wuta, duk abin da ya motsa a bi shi, zomo ne gafiya ce ɗan gada ne da bai yaye ba. Ta ina kishimi zai shekara shida. Ga noma ya cinye daji, Rugu kuma yanzu ba mai shigarta don nishaɗi. Don haka ni ban rubuta wannan don wani ya ɗauki adaka ya tafi neman inci ba. Mai son ganin gwanki da rai ya nufi Yankari a Bauci, in ya yi sa'a ya gani, ya gwada awon ido daga cikin mota, ya ɗauki hoto. Tef kuma a sa shi a kan na gado.

Waɗannan na gadon su ne ke lalacewa a zauruka ba mai kula. In kana da shi ka sauke shi ka kakkaɓe da busasshen buroshi, kar ka wanke da ruwa. In ka ga gari-gari na zubowa ko ƙananan huji a kube to ƙwari sun shiga, ka zare kuben in yana zaruwa ka ɗiga kananzir kaɗan a ciki ka bar shi ya sha iska a inuwa, ba a rana ba don rana na fasa shi. Kar ka shafa fenti ko banish, man gyaɗa ma yana jawo ƙura da kiyashi. Ka rataye shi nesa da bangon da ke jiƙa da damina. Sai ka samu 'yar takarda ka rubuta irin dabbar, wanda ya halba, wane daji, wace shekara ko zamanin wane sarki in ba a san shekarar ba, da awon dama da hagu da gindi, ka naɗe ka tura cikin ƙoƙon kan. Ka yi wannan tun masu labarin suna da rai.

Na Kawu ranar Juma'a na auna shi da sabon tef, shi yana zaune kan buzu yana kallona. Dama 26 da 3/8, hagu 25 da 7/8 don tsinin ya ɗan guntule, gindi 9 kowane, zoben ƙasa sun matse har farce ba ya shiga. Na ce Kawu a lissafin masu tarawa ya tashi 70 da 2/8. Ya ce saba'in ɗin me. Na ce inci. Ya ce shi dai abin da ya sani mutum huɗu suka kasa ɗaga shi sai da aka je gari aka zo da jakai biyu, zamanin Sarki Usman Nagogo ne, kuma har unguwar maƙera sai da aka kai ma kowa tsoka. Ya ce in rubuta wannan ɗin ma a takardar, in sa shi sama da incin.